Yaya ake ɗaura wa babur kaya ba tare da ya rinjayi mutum ba?

Malamin firamare, ƙasar Taura:

Assalamu alaikum. Da fatan an yini lafiya, ya damina, ya kuma haƙuri da tsadar taki.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Taura. Bayan koyarwa ina ɗan noma riɗi da gero, maiɗakina kuma tana sayar da kayan tireda daga cikin gida: taliya, sabulu, magi, man gyaɗa, ashana da makamantansu. Bara da na sayar da riɗi na haɗa da kwasar adashi na sayi Boxer na hannu, don in huta da jiran mota ranar kasuwa. Kowace Lahadi nake zuwa Gujungu in yi sari. Tafiyar kamar minti arba'in ce, rabi burtali mai yashi, rabi kwalta.

Mako uku da suka wuce na faɗi, kuma har yau abin yana raina. Ga abin da na ɗauko ranar: buhun taki ɗaya mai kilo 50, jarkar man gyaɗa mai lita 25, katan ɗin taliya, katan ɗin sabulu, sai leda biyu na ƙananan kaya da na rataye a kan babur, wato hannun tuƙi, ɗaya dama ɗaya hagu. Takin na shimfiɗa a kan kariya, na tsayar da jarkar a kansa, katan biyun na jingina su da ita, na zagaye duka da robar taya guda biyu. Wurin zama ya ragu, sai na matsa gaba har rabin jikina yana kan tanki. A kwalta ban ji komai ba sai lokacin da wata tirela ta wuce ni, na ji babur ya yi tangal-tangal, na dai riƙe. Da na sauka burtali, wajen wani kwari da yashi ya taru, sai na ji kamar tayar gaba ba ta taɓa ƙasa. Na murɗa dama ba ta bi ba, jarkar ta karkata hagu, kafin in sauke ƙafa mun kwanta. Da nake ƙoƙarin zare jiki sai salansa ta ƙona mini sha-raɓa. Buhun takin ya yage a gefe, man ya tsiyaye kusan kwalba uku. Sai da wasu bayin Allah biyu da ke noman maimai suka zo muka ɗaga shi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wani lokaci nakan ɗauko maiɗakina da ƙaramin yaronmu tare da kaya idan za mu dawo daga wajen iyayenta. Da ranar suna baya, ban san yadda za ta kasance ba.

To 'yan uwa, ina ganin mutane da buhu biyu na masara a baya suna tafiya kamar ba su ɗauki komai ba. Mene ne suka sani da ban sani ba? Ɗaurin ne, ko jerin kayan, ko babur ɗina ne ke da matsala? Sannan ko ranar da ban faɗi ba, ina isowa gida da ciwon baya da kafaɗu, har in kasa tsayuwa a gaban allo ranar Litinin. Duk mai sani ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Alhaji mai fataucin riɗi, Gumel:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da arziki, Allah ya tsare gaba, Allah ya ba ƙafa lafiya.

Tun ina karanta yadda ka jera kayan na san za ka faɗi kafin in kai wurin da ka ce ka faɗi. Ba babur ɗinka ba ne. Ka yi gini ne a kan kariya, gini kuma mai hawa uku.

Ni da jaki na fara fatauci, ina bin mahaifina zuwa Maigatari ranar Alhamis tun ban isa ɗaura buhu ni kaɗai ba. Ka taɓa ganin an tula wa jaki kaya a kan kuturinsa, wajen wutsiya? Ba mai yi. Mangala ake sa masa. A raba kayan biyu daidai wa daida, rabi nan rabi can, su sauka ƙasa su rungumi cikinsa, nauyin ya zauna tsakanin ƙafafun gaba da na baya. In gefe ɗaya ya fi nauyi, mahaifina kan nemi dutse ya jefa a ɗaya gefen. Ina yaro nakan ce ai an ƙara wa jakin wahala, sai ya ce jaki ya gwammace ƙarin dutse da kaya mai jirge. Da na koma babur shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wannan karatun na ɗauko, ban canza komai ba.

Kariyar nan da kake gani, rabinta tana bayan tsakiyar tayar baya. Duk abin da ka ɗora can ƙarshe, yana danna baya ne yana ɗaga gaba, kamar yara biyu a kan reshe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Shi ya sa ka ji tayar gaba ba ta taɓa ƙasa. Ba ji kawai ka yi ba, da gaske nauyinta ya ragu. Buhu mai nauyi wurinsa shi ne inda fasinja yake zama, manne da bayanka. Kariya ta katan ce da kaya marasa nauyi.

Ga yadda zan ɗauki kayanka na ranar nan. Jarkar lita 25 ba zan tsayar da ita a sama ba ko da wasa. Zan nemi jarka biyu ƙanana, in raba man, in cika kowace har wuya, don jarkar da ba ta cika ba tana kai da kawo a ciki, duk lanƙwasar da ka yi sai ta ture ka. In sa su a mangala. Mangalar babur ba wani abu ba ce: buhunan taki biyu da aka wanke, ka kai wa mai ɗinkin buhu a kasuwa ya haɗa bakinsu da faffaɗan ƙyalle mai kauri ko guntun tamfol, ya ninka ɗinkin. Ka yafa ta a kan sirdin baya, aljihu ɗaya dama ɗaya hagu. Sai buhun taki ya hau kai a kwance, ya danne ta. Katan biyu a kan kariya, mai nauyin a ƙasa. Da haka babu abin da zai wuce tsayin kafaɗarka. Ni ƙa'idata ke nan: in na waiwaya na ga kaya ya fi kafaɗata, na sauke na sake jeri.

Abu biyu za ka kula da su a mangala. Gefen dama akwai salansa, buhun leda kuwa da ya taɓa ta ya narke, don haka aljihun dama kada ya sauka har can, a bar tazarar kamar tafin hannu. Sannan kada aljihun ya riƙa lilo yana leƙa cikin taya. Ka ɗaure gindin kowanne da ƙarfen da fasinja ke ɗora ƙafa.

Sai ɗauri. Roba tana da daɗi, ba ta da amana. Tana miƙewa, shi ya sa kaya mai nauyi yake samun wurin motsi a cikinta, kuma rana tana cin ta, wata rana kana ja ta tsinke ta zabge ka a fuska. Na san wanda ya rasa ido ɗaya a haka. Kaya mai nauyi igiya ce maganinsa, ta rama ko ta leda mai kauri. A ɗaure da ƙarfen babur gaba da baya, a gicciye a sama, a ja tamau. Roba ta biyo baya ta riƙe ƙananan. Kuma kada ka yi ɗaurin kawo wuƙa, ka yi zarge wanda za ka warware da ja ɗaya, domin za ka sake ja a hanya. Buhun hatsi ko na taki yana zama idan ya sha girgiza, igiyar da ka ja tamau a kasuwa za ka same ta sako-sako bayan tafiyar minti goma. Ni kullum ina da wata bishiyar maina a bakin hanya da nake tsayawa a ƙarƙashinta don wannan kawai. Jelar igiyar da ta rage kuma a cusa ta, kada a bar ta tana reto kusa da sarƙa.

In ka gama, kama kayan da hannu biyu ka jijjiga da ƙarfi. In babur ne ya motsa tare da su, bismillah. In kayan ne suka motsa babur yana tsaye, ba ka gama ba.

Ledojin da kake ratayewa a hannun tuƙi kuwa, don Allah ka bari daga yau.

Bakanike, Wudil:

Salamu alaikum. Malam sannu. Duk abin da Baba Alhaji ya faɗa haka yake, ni ta ɓangaren ƙarfe zan ƙara, don ranar Juma'a in kasuwar nan ta ci, rabin baburan da ake turo mini kaya ne ya kashe su.

Fara da lissafi. Irin babur ɗinka shi kansa nauyinsa tsakanin kilo 110 zuwa 125 ne, ya danganta da wanda ka saya. An ƙera shi ne don mutum biyu da ɗan kaya. Ranar da ka faɗi, taki 50, mai wajen 23, katan biyu da ledoji a ce 20. Ka ga ka haura 90. Nauyin ƙaton fasinja ne, ba wani abin tashin hankali ba, da a ce a wurin fasinja ya zauna. Amma ranar da ka ɗauko iyali, to sun riga sun cinye kason kaya. Abin da ya rage sai jakar tufafi. Ka duba gefen tayar baya, akwai rubutun iyakar kilo da za ta iya ɗauka, masu taya ne da kansu suka rubuta. Mutane ba sa karantawa.

Tunda na hannu ka saya, ina zargin shokozoba, wato sifirin nan biyu da ke riƙe da bayan babur. Gwada wannan: danna bayan babur da ƙarfi ka saki. In ya taso ya tsaya, da sauransa. In ya yi ta rawa sau biyu sau uku, ko ka ga mai yana tsatsafowa a jikinsa, ya mutu, kuma shi ne rabin ciwon bayanka, domin duk ramin da ka faɗa kai tsaye yake zuwa ƙugunka. A ƙasan sifirin akwai wani zobe mai matakala, yawanci hawa biyar. Ranar kaya a murɗa shi zuwa sama don ya yi tauri, kuma dama da hagu su zama a hawa ɗaya. Na sha ganin ɗaya a na biyu ɗaya a na biyar, mai shi yana ta kukan babur yana ja gefe.

Iska. Kada ka yarda da matsa taya da yatsa, ka sa mai faci ya sa geji. Irin waɗannan baburan, gaba 25, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja ko kaya. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Tayar da ba ta da iska a ƙarƙashin kaya tana lanƙwashewa a kwana, tana zafi, kuma in ka daki bakin rami sai ƙarfen wili ya cije tif ɗin.

Sarƙa ma tana da magana. Idan baya ya nutse saboda nauyi, sarƙa tana ƙara ɗaurewa. Wanda ya ja ta tamau babur ba kaya, da ya ɗora buhu ta zama kamar tsirkiya, ta ci haƙora, wata rana ta tsinke. A bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Wayoyin wilin baya kuma ka riƙa bin su da sifana kana ƙwanƙwasawa. Mai ƙarfi tana ƙara ƙal, wadda ta saki tana yin ɓaf. Ɗaya in ta saki, maƙwabtanta ne ke ɗaukar aikinta, sai su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da nake roƙon mutane su daina: kai babur wurin mai walda a ƙara wa kariya tsawo zuwa baya. Faɗi kaɗan ba laifi. Tsawo kuwa ƙara wa matsalar da Baba Alhaji ya bayyana ƙarfi ne, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi ne ke biya, yana tsagewa a hankali inda ido ba ya gani. In za ka kashe kuɗi wurin mai walda, sa ya yi maka 'yan ƙarafa biyu a gefe da za su tare mangala daga taya da salansa. Wannan ya fi amfani nesa.

Birki. Babur mai kaya ba ya tsayawa inda ya saba tsayawa. Namu birkin ganga ne, wanda ke cikin cibiyar wili, in aka daɗe ana danne shi yana zafi ya rage kamu. Ka fara rage gudu tun daga nesa, ka sauko da giya, ka haɗa na hannu da na ƙafa a kan kwalta. Yawancin mutanenmu sun mayar da birkin gaba ado, wasu ma sun cire wayar, alhali a kan busasshiyar kwalta shi ya fi tsayar da babur. Kuma zaman kan tanki da ka yi yana hana ƙafarka zama daidai a kan birkin baya, ga gwiwa tana tokare kan babur in za ka juya.

Na ƙarshe, in baya ya nutse fitila sama take kallo. Kana haska idon mai zuwa, kai kuma ba ka ganin ramin gabanka. Kaya kuma kada ya rufe jar fitilar baya. Mai dawowa daga kasuwa bayan magariba ya riƙe wannan.

Malamar asibiti, Ringim:

Assalamu alaikum. Malam, ya ƙafar? Ina fatan ba a shafa mata man goge baki ko toka ko ɗanyen ƙwai ba. Ƙuna in ta faru, ruwa mai tsabta ake ta kwarara mata kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a fasa ƙurjin ruwan. Mako uku ke nan, in har yanzu tana ruwa ko wari ko gefenta ya yi ja yana zafi, ka je a duba, kuma a tambaye ka rabonka da allurar tetanus.

Ni maganar maiɗakinka da yaron ce ta sa na sa baki. Abin da muke gani a wurin aiki ba faɗuwa kawai ba ne. Hijabi ko bakin zani yana sauka ya shiga wili ko sarƙa, ya naɗe, ya fizgo mace ta baya da wuya. Kafin ku tashi, ta tattare hijabin ta zauna a kansa, kai kuma ka waiwaya ka gani da idonka. Babbar riga ma haka. Ƙafar yaro kuma ba ta kai wa mataki, sai diddige ya shiga cikin wayoyi, ciwon da yake daɗewa bai warke ba. In ba yadda za a yi sai an tafi da shi, ya zauna tsakaninku, uwar ta riƙe ƙafafunsa, da takalmi a ƙafarsa. Kan tanki ba wurin yaro ba ne, birki ɗaya zai kai fuskarsa kan ƙarfe. Kuma kada a ba mace kaya ta rungume ko ta ɗora a ka, hannayenta na riƙe ka ne da yaron. In kaya ya yi yawa, a bar shi a gidan surukai, ka koma ka ɗauko kashegari.

Game da baya: in kana goya jaka mai nauyi a kafaɗa kana tuƙi, ka daina, ɗaure ta a babur. Zaman da kaya ya turo ka gaba, hannu a sandare, wuya a miƙe, shi ke kawo ciwon kafaɗa. Zauna a wurin zamanka, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Wani ciwon kuma ba a kan babur ake samunsa ba, wurin ɗaga buhu ne. Durƙusa da gwiwa, manna buhun da jiki, kada ka murɗa ƙugu da shi a hannu, ko ka nemi a kama maka. In ciwon yana sauka ƙafa ko ƙafar tana mutuwa, wannan na asibiti ne.

Hular kwano kuwa, na san a ƙauye ana ganin ta kamar ta shiga birni ce saboda 'yan rodi sefti. Kai da ke hawa kwalta da tireloli duk mako, ka saya ka ɗaure igiyarta.

Ɗan acaɓa, Kura:

Salam. Gaisuwa ga manya. Ni ɗan acaɓa ne, a cikin Kano na fara, da aka hana ɗaukar fasinja a birni a 2013 na dawo gida Kura, yanzu yawancin aikina ɗauko shinkafa da kayan gwari ne daga gonakin rani zuwa bakin titi.

Oga bakanike, lissafinka gaskiya ne, amma a faɗa wa Malam ɗaya gefen. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda zai yi sawu biyu yana so ya yi ɗaya. Buhun hatsi mai kwano 40 yana kai wa kilo 100, kuma muna ɗaukar sa, wani lokaci da ƙari. Malam ya ce yana ganin mu kamar ba mu ɗauki komai ba. Yallaɓai, ba ka ga bayan fage ba ne. Muna canza wayoyin wili da shokozoba da taya fiye da kowa, kuma babu ɗayanmu da ba shi da tabo. Mu sana'a ce ta sa. Kai da albashinka da gonarka, kuɗin man sawu na biyu bai kai man gyaɗan da ya zube da takin da ya yage ba. Ko ka bar buhun ga mai kurkura ko motar garinku, ka ɗauko sauran.

Yashi kuwa na san shi. Tun kafin ka shiga za ka rage gudu ka sa giya ta biyu, ba a tsakiya ba. Da ka shiga, riƙe mai daidai, kada ka saki kada ka ƙara da ƙarfi. Sakin mai a tsakiyar yashi shi ke sa gaba ya nutse ya karkace. Birkin hannu a nan haramiyarka ne, a nan kaɗai nake ce wa mutum ya manta da shi. Kada ka ƙanƙame kan babur, bar shi ya ɗan yi wasansa, matse tanki da gwiwa, ka kalli inda za ka fita, ba ƙasan taya ba. Bi sawun amalanke ko na baburan da suka riga ka. In ka ga kwarin ya yi zurfi, sauka ka tura shi da giya ta ɗaya kana gefen hagu, babu wanda zai ce ka gaza. Bayan ruwan sama yashi ya fi daɗin bi, laka ce abin tsoro a lokacin.

Wasu za su ce ka rage iska don yashi. Babur ba kaya yana taimakawa. Da kaya kuwa kada ka fara, ga kwalta tana jiran ka a gaba.

Wani abu kuma da nake yi: ƙaramin abu mai laushi, kamar rabin buhu da bai kai kilo 10 ba, ina ɗaure shi a kan tanki, yana ma danna mini gaba. Sharaɗi, ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka ga bai taɓa ba. Tirela kuma in ka hango ta a madubi, sauka gefe ka rage gudu tun kafin ta iso, kaya masu faɗi irin katan iska tana kama su. Kwanon rufi ko rodi a gicciye, wannan ko nawa za a ba ni ba na ɗauka.

Malamin firamare, ƙasar Taura:

Jama'a, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Na yi shiru ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Injiniya, zarginka ya tabbata. Shokozoba na hagu yana tsiyayar mai, zoben kuma ɗaya yana hawa na ɗaya, ɗaya na uku. Na canza biyun. Wayoyi huɗu aka samu sun saki. Iskar baya da aka sa geji 20 aka gani, ni kuwa shekara guda ina matsawa da yatsa ina cewa lafiya.

Baba Alhaji, an ɗinka mangalar. Mai ɗinkin da na yi wa bayani bai bari na gama ba, ya ce ya gane, irin ta jaki. Jiya Lahadi na ɗauko kusan irin kayan ranar nan: jarka biyu masu lita 10 a aljihu, buhu a wurin fasinja, katan biyu a kariya. Na tsaya a inda kwalta ta ƙare na duba igiya, wallahi har yatsu uku suka shige ƙarƙashinta, na sake ja. Kwarin da ya kayar da ni na shige shi da giya ta biyu kamar yadda ɗan'uwa na Kura ya ce, gaba ya ɗan yi wasa, ƙirjina ya buga, amma na fita. Buhun da ke manne da bayana ma ya zama kamar majingini, yau na yi darasi huɗu a tsaye.

Hajiya, ƙafar ta bushe, na je an duba an yi mini allurar. Na karanta wa maiɗakina abin da kika rubuta, ta ce sau biyu hijabinta yana taɓa taya ba ta faɗa mini ba don kada in ce ta daina bi na. Hular ban saya ba tukuna, sai albashi ya shigo, amma na tambayi kuɗinta.

Saura abu ɗaya da bai yi ba. Aljihun dama ya ɗan sauka a hanya, na tarar gefensa ya fara narkewa. Zan kai wa mai walda ya yi ƙarafan gefen nan. Injiniya, a ina ya kamata a kama su, jikin kariya ko wurin matakin fasinja? Sannan maiɗakina tana so in fara ɗauko mata kiret ɗin ƙwai biyu, ban san inda zan sa su ba a cikin wannan jerin.